Kujerar Abuja Da Shekari Ya Ƙi

Shekara biyu cur Baba Uzoma yana cewa a'a. Duk wanda ya san shi a layin masu sayar da kayan gyaran mota na Sabon Garin Zariya ya san in ya ce a'a, to an gama. A Zariya aka haife shi, ya auri 'yar Wusasa, Hausa ta fi Ibo zama a bakinsa, amma taurin kan nan na gado bai yar da shi ba.

Shekari kuwa, mai neman auren 'yarsa, ba ya shan giya, ba ya bin mata, cocinsu ma ɗaya. Laifinsa guda ne tak, aikinsa. A wata cibiyar binciken noma da ke Samaru yake, shi ne mai auna ruwan sama da zafin rana yana rubutawa.

"Mutum da gemunsa," in ji Baba, "ya yi sammako don ya leƙa gwangwani ya ga ko an yi ruwa. Ni ma in na leƙa taga ai zan sani. Shi zan ɗauki 'yata in ba?"

'Yar tasa, Oluoma, ta yi kuka har ta gaji, ta yi yajin cin abinci har ta ga ita kaɗai ke ramewa. Ga kuma Martins, mai shagunan magani uku, ya nace kamar ƙaiƙayi. A ƙarshe Baba ya yanke: in watan takwas ya ƙare, manyan Martins za su zo gaisuwa.

Ana cikin haka takarda ta zo wa Shekari. An ɗaga shi zuwa shugaban sashe a babban ofis na Abuja, da gida da mota. Ya nuna wa Oluoma, ya ce, "Zan yi tunani." Washegari aka tura shi wata gonar gwaji can wajen Maƙarfi na mako biyu.

To, kunnen mai so ba ya jin abin da bai yi masa daɗi ba. Gida da mota ta ji, "zan yi tunani" ya wuce ta saman kanta. Ta isa gida tana haki ta faɗa wa Baba an gama, Shekari ya zama babban mutum.

Ranar Baba ya yi dariya har da buga cinya. "Ashe gwangwanin yana da rana. Ce masa ya turo."

Mama kuma ita ce shugabar zumuntar mata a coci, kuma ba ta san abin da ake kira ƙaramin biki ba. Kafin kwana uku ta ga katikis, mataimakin Fada limamin cocin, an sa ranar godiya, an fitar da ankon atamfa shuɗiya na mata arba'in, har an ɗinka wa Shekari rigarsa da awon ido.

Duk wayar da suka yi a mako biyun nan, Oluoma ba ta faɗa masa ba. Ta ce wa kanta mamaki take so ta ba shi. Ƙarya take yi, tsoro take ji.

* * *

Ranar Asabar, ana gobe godiya, ta hau keke napep daga Sabon Gari zuwa Samaru, ta ƙarasa Bomo, inda yake zaune, a kan babur da rigar a leda. Ta same shi a lambun bayan ɗakinsa, ya naɗe wando zuwa gwiwa yana tsinkar kuɓewa. Ƙaramar rediyo na magana a kan dakali, masara biyu na gasuwa a kan garwashi. Da ya gan ta ya yi murmushin nan nasa na wanda ba shi da inda zai je da gaggawa.

"Oma, kin zo a daidai. Ɗaya taki ce."

Ba ta kalli masarar ba. Ta zaro rigar ta warware ta a gabansa, ta zayyana masa komai da sauri kamar mai haɗiye magani: Baba ya yarda, Mama ta yi anko, gobe bayan sujada za a kira sunansu su yi rawa zuwa bagadi.

Shekari ya ajiye kwandon a hankali. Ya daɗe yana goge hannu a wando.

"Na mayar da takardar, Oma. Shekaranjiya."

"Ka mayar da ita ina?"

"Na rubuta musu na gode, a bar ni inda nake."

Ta zauna a kan dakalin, rigar ta zame ƙasa. Shi ya ɗauke ta ya karkaɗe.

"Shekara biyu," ta ce. "Shekara biyu ina shan zagi a kanka. Allah ya buɗe mana ƙofa guda, ka sa hannunka ka rufe?"

"Na ce miki zan yi tunani."

"Tunanin me? Ana ba mutum girma ya tsaya tunani?"

Ya jawo wani bokiti ya kife ya zauna a gabanta. "Kin tuna bara, lokacin da ogana ya kwanta asibiti, aka ce in riƙe ofishinsa?"

Ta tuna sarai.

"Wata bakwai na yi a kujerar. Ke da bakinki kika ce wuyana ya zama kamar na zalɓe. Waya ba ta barina in gama loma. Ranar nan a Kwangila, don kawai kin makara minti goma, na daka miki tsawa a gaban mutane. Kin yi kuka har gida."

"Na yafe maka tuni."

"Ni ban yafe wa kaina ba. Baba Sati da ya koya mini riƙe ma'auni, wanda ya haifi kamata, da hannuna na sa masa hannu a takardar tuhuma don an matsa mini daga sama. Har yau in mun haɗu sai ya cire hula ya ce 'ranka ya daɗe', ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage. Wancan ƙaramin ofis ne fa, Oma. Na Abuja ya ninka shi goma. Mutumin nan na wata bakwai, shi za ki aura in na karɓa. Kina son shi?"

Hawaye suka zubo mata. Haushinta shi ne gaskiya yake faɗa, kuma gaskiyar ba ta da amfani gobe.

"To na ji. Ka zauna da gwangwaninka. Abu ɗaya nake roƙo. Ka sa rigar nan gobe, ka yi rawa, ka yi shiru. In an sa mana rana, sai mu ce an fasa daga can Abuja. Wa zai sani?"

"A gaban bagadi?"

"Minti biyar ne kawai, Shekari."

"In durƙusa Fada ya yayyafa mini ruwa, in gode wa Allah a kan abin da na ƙi? Sannan in shiga gidanku da ƙarya a aljihu, in riƙa kallon idon Babanki har tsufa?"

Ta miƙe a fusace. "Kai kana da lambunka da rediyonka da barcinka mai daɗi. Ni aka bari da Martins. Wannan ba kwanciyar hankali ba ce, son kai ne."

Maganar ta shige shi, ta ga haka a idonsa da ya kaɗa ya yi ja. Bai ɗaga murya ba.

"Wataƙila son kai ne. Amma ke nake so in dawo in tarar ina da sauran fara'ar da zan ba ki. Bari in wanke ƙafa mu je, ni zan faɗa wa Baba da bakina."

"Ba inda za ka." Ta share fuska da bakin gyale. "Ni na ɗaura, ni zan kwance."

"Gobe zan zo coci. Da kayana zan zo, zan tsaya a baya."

Ta cusa rigar a leda ta fita ba sallama. Masarar nan biyu suka ƙone a kan wuta.

* * *

Har ta iso Sabon Gari tana zaginsa a zuci. Ta kira shi malalaci, ta kira shi mara zuciya, ta kira shi abin da ba zai rubutu ba. Abin haushi, duk zagin da ta yi sai ta ji bai zauna a jikinsa ba.

A ƙofar gida ta tarar da motar Martins, baƙa wul, tana sheƙi. Yana ciki da waya a kunne, wata a cinya tana ƙara. Da ya gan ta ya sauke gilashi ya ɗaga mata yatsa ɗaya, wai ta jira. Ta tsaya. Ya yi faɗa da wani a kan kaya da suka maƙale a Legas, ya kashe, ya ɗauki ɗayar, ya sake ɗaga mata yatsa. Tana tsaye a rana tana kallon jijiyar da ta taso a goshinsa, sai ta lura zagin da take yi wa Shekari ya tsaya da kansa.

Da ya gama ya fito yana gyara agogo. "Yi haƙuri, gimbiya, haka rayuwar manya take. Na ji labari fa. Mutumin naki ya mayar da takarda."

"Wa ya gaya maka?"

"Ina da abokin ciniki a ofishinsu. Duk Samaru dariya ake yi masa." Ya matso ya rage murya. "Ni ba na son Mama ta ji kunya a gaban mata arba'in. Ga shawara. A canza sanarwar, a ce godiyar baikonmu ce. Anko ai bai san sunan wanda aka ɗinka shi dominsa ba."

"Ni ce atamfar da za a canza wa mai ita?"

"Ke dai ki yi tunani. Mutumin da ya gudu daga kujera, daga nauyin iyali ma zai gudu."

"Na gode, Martins. A'a."

Murmushin ya bar fuskarsa. "To gobe in an tashi daga coci ni zan faɗa wa Baba, tunda ke kin kasa." Waya ta sake ƙara, ya ɗaga kafin ma ya rufe ƙofar mota.

Ta shiga gida da niyyar ta faɗa a take. Sai ta tarar da tsakar gida cike da mata ana gyaran shinkafa, ana gwada ɗaurin ɗankwali, Mama na zagayawa tana ba da umarni fuskarta kamar gonar auduga. Baba ya dawo bayan faɗuwar rana, ya haɗiyi maganin hawan jininsa, ya shafa kanta ya ce, "Matar darakta," abin da bai taɓa yi ba tun tana firamare. Maganar ta zo mata har maƙogwaro ta koma.

Amma kafin ta kwanta ta yagi takarda ta yi rubutu layi biyu, ta ninke ta sa cikin littafin addu'arta.

* * *

Da safe ta riga kowa zuwa coci. Ta sami katikis yana jera takardun sanarwa, ta miƙa masa tata ta ce a cire waccan ta farko. Dattijon ya karanta sau biyu, ya dube ta ta saman tabarau.

"'Yata, Babanki ya san da wannan?"

"Zai sani kafin ku karanta, Baba katikis."

Al'adar cocin ita ce, masu godiya su fita tun kafin albarkar ƙarshe, su jeru a bakin ƙofa da kayan godiyarsu, in an kira suna su shigo da rawa. Haka aka yi. Mata arba'in suka jeru shuɗi shar, masu kiɗan tuluna na gwada hannu, ga doya a faranti, ga buhun shinkafa. Baba na gaba da jar hularsa da sandar ado. Martins na jingine da motarsa can gefe yana kallo.

Baba ya waiga. "Ina angon? Bai sa rigar ba?"

Shekari na tsaye jikin ginshiƙi cikin farar rigarsa ta kowace Lahadi, an goge ta ƙwarai. Oluoma ta je gaban mahaifinta ta durƙusa a kan siminti.

"Baba, na yi muku ƙarya. An ba Shekari kujerar, amma bai ce ya karɓa ba, ni na ƙara da bakina. Ya mayar da ita. Yana nan a Samaru."

Mama da ke kusa ta dafe ƙirji. Baba ya kafe 'yarsa da ido.

"Sake faɗa."

"Ya ƙi, Baba. Ni kuma shi nake so a hakan."

Shekari ya ƙaraso ya durƙusa a gefenta. "Baba, ku gafarce ni. Laifin..."

"Ba da kai nake ba." Sai kuma ya juyo kansa, idonsa jawur. "A'a, da kai nake. Ni da jakar leda na fara a kasuwar nan. Ban taɓa ganin tsani na ce ƙafata na ciwo ba. An ba ka gida, an ba ka mota, ka ce ba ka so. To gaya mini, me za ka ba 'yata?"

"Albashina zai riƙe mu, Baba, ga lambu. Ba za ta kwana da yunwa ba." Ya ɗago ya dube shi. "Kuma ƙarfe biyu na rana ina gida. Kullum."

"Ƙarfe biyu." Baba ya yi wata dariya mara daɗi. "Ƙarfe biyun za ta ɗaura a ƙugu?" Ya dubi 'yarsa. "Tashi ki shiga mota. Za mu ce Mamanki ce jiri ya ɗiba. In kuwa kika taka cikin cocin nan da wannan mutumin, ki nemi gidan da za ki koma, ba nawa ba."

Daidai nan lasifika ta yi ƙara, muryar katikis ta fito a hankali kamar mai taka ƙaya.

"Oluoma Uzoma da Shekari suna gode wa Allah saboda aikin da yake yi a Samaru, wanda zai ci gaba da yi."

Coci ta ɗauki gunaguni. Kawuna suka juyo ƙofa. Masu tuluna suka ɗaga hannu suka tsaya, suna jiran shugabarsu ta ba da waƙa, shugabar kuwa ta zama gunki.

Oluoma ta miƙe. Hawaye na zuba amma ƙafarta ba ta rawa. Tsoro take ji ƙwarai, tana kuma son mahaifinta, amma ta gama shawara.

"Baba, ku yafe mini."

Ta kama hannun Shekari, abin da ba ta taɓa yi a gaban manya ba, ta ja shi suka tsallake dokin ƙofa.

Ba kiɗa, ba waƙa. Takun takalminsu kaɗai ake ji, su biyu, hannu wofi, a tsakiyar mutum ɗari huɗu. Wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah." Wani yaro ya yi dariya aka make shi. Hanyar nan da take bi kowace Lahadi yau ta yi mata tsawo kamar daga nan zuwa Kano. Shekari ya matse hannunta, ta ji nasa ma gumi yake yi.

Sun kai rabi sai wata murya ta tashi daga baya, a shaƙe da farko, sannan ta buɗe. Muryar Mama ce, ta ɗauko waƙar godiya. Tuluna suka amsa, mata arba'in suka biyo da rawa, wata ta rangaɗa guɗa. Rabinsu ma ba su gane abin da ya faru ba, su dai shugaba ta ba da waƙa.

Suka durƙusa a gaban bagadi. Fada ya ɗauko ruwan albarka. Ta cikin kiɗan Oluoma ta ji ƙarar da ta sani tun tana yarinya, ƙarar tsohuwar motar Baba tana tashi, ta fita ƙofar coci, ta yi nisa.

Wani ya durƙusa a hagunta. Ƙamshin turaren Mama ne.

"Babanki ya tafi."

"Na ji, Mama."

"Kin san ba ya janye magana."

"Na sani." Sai kukan da take riƙewa ya ƙwace, ta yunƙura kamar za ta waiwaya.

Mama ta danne mata kafaɗa da hannu, idonta na kan bagadi, ta yi magana can ƙasa yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Shekara talatin da ɗaya ban ci abincin rana da mijina ba. Durƙusa da kyau, Fada na jira."